FILIN SANA'O'INMU: Zarton Da Ya Dakushe, Riba Yake Ci

Wannan fili namu na sana'o'i yana zuwa muku wata-wata daga nan Pusiga. A wannan wata rumfar masu tsaga katako za mu leƙa, mu yi magana a kan zarton injin nan da masu sana'a suke kira banso, wato yadda ake zaɓensa da yadda ake kula da shi. Kada wanda ba shi da inji ya ce ba ruwansa. Duk mai niyyar yin rufin kwano, ko sayen gadon amarya, ko benci na makarantar Islamiyya, to, kuɗinsa ta bakin zarton nan za su bi.

Ga wanda bai taɓa lura da shi ba, banso wata doguwar ɗamara ce ta ƙarfe, siririya, mai haƙora a gefe ɗaya. An haɗe bakinta biyu da walda ta zama zobe, an ɗora ta a kan wili biyu suna juya ta. Don kada mu rikita juna, in mun ce zarto a nan, ɗamarar nan muke nufi, in kuwa mun ce inji, to, abin da yake juya ta ke nan. Wani Bature na Ingila mai suna William Newberry shi ya fara samun takardar ƙirƙirarsa a 1809, amma abin bai karɓu ba, domin kullum zarton tsinkewa yake yi a mahaɗi. Sai a 1846 wata mata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta gano yadda za a yi waldar ta riƙe. Ƙananan injunan nan na ɗauka-ka-tafi kuwa, masu siririn zarto, sun bazu ne bayan da aka kafa kamfanin Wood-Mizer a Amurka a 1982. Ashe dai tsinkewar zarto tsohon ciwo ne, ba a kanmu aka fara ba.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Mu nan arewa ba mu da kurmi. Katakon da muke rufi da shi, irin su odum da ofram da wawa, daga kudu manyan motoci suke ɗauko shi, daga kasuwar Sokoban ta Kumasi ko ta Techiman. Wawan nan ba zagi ba ne, sunan icen ke nan da Tonanci. Kafin falanki ɗaya ya iso Bawku daga Kumasi ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 600, an biya kuɗin mota da na dako da na sauke kaya. Rashin kwanciyar hankalin da ya sake tasowa a yankin Bawku daga ƙarshen 2021, Allah ya kawo mana ƙarshensa, ya ƙara wa jigila wuya. Ga shi kuma tun da Pusiga ta sami gundumarta a 2012 bukatar katako ba ta ragu ba, ga ofisoshi ga makarantu ga gidaje.

Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sun san cewa kayan da suka yi doguwar tafiya ba a wasa da su. Bafatake yakan sauke huhun goro ya zaɓe ruɓaɓɓe, ya yayyafa ruwa, ya duba bayan jakinsa ko akumari ya yi masa miki. Yau katako ne ya maye gurbin goro a hanyar kudu zuwa arewa, zarto kuma shi ne jakin mai inji. Wanda bai duba bayan jakinsa ba, a hanya zai kwana.

Akwai kuma maganar doka. Tun 1998, da dokar da ake kira L.I. 1649, an hana tsaga katakon sayarwa da zarton sarƙa a ƙasar nan. Duk da haka binciken da aka yi a wajen 2009 zuwa 2010, wanda Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Fumesua ta sa hannu a ciki, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon da ke kasuwanninmu na cikin gida daga zarton sarƙa ya fito. Shi ya sa Hukumar Gandun Daji da abokan aikinta suka riƙa jan hankalin masu sana'a zuwa ƙananan injunan banso, waɗanda ba su da ɓarna. Ba mu kuma manta da abin da ya sami icen madobiya a ƙasar Gwanja da sauran dazuzzukan arewa ba, yadda aka yi ta lodinsa zuwa ƙasar Sin. Daga 2012 gwamnati ta yi ta hanawa tana sassautawa, a 2017 icen ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar CITES take sa wa ido, a 2019 kuma aka sake hana saransa da fitar da shi. Itatuwan da suka rage mana kaɗan ne, wanda aka sami izinin sara kuwa bai kamata rabinsa ya tafi a dusa ba.

LISSAFI A SAUƘAƘE

Mu ɗauki gungumen da aka riga aka fafe shi kusurwa huɗu, kaurinsa milimita 300, muna so mu fitar da falanki na inci ɗaya, wato milimita 25. Zarton sarƙa duk wucewa ɗaya yakan cinye wajen milimita 9 ya mai da su dusa, saboda haka falanki 9 za a samu. Siririn banso mai kaifi kuwa milimita 2 da 'yan kai yake ci, sai a sami falanki 11 daga wannan gungume ɗaya. Falanki 2 ke nan suka kuɓuta daga zama dusa, kuma su ne ribar mai inji.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Idan banson ya dakushe ba ya tafiya sak, sai ya riƙa hawa yana sauka a cikin ice kamar tafiyar maciji. Mai inji da ya ga haka, don kada falanki ya kasa inci ɗaya bayan an goge shi, sai ya riƙa yankawa a milimita 30. Ku sake lissafin, za ku ga an komo falanki 9. Wato mutum ya ci bashi ya sayi inji mai tsada, amma saboda ƙyashin wasa zarto ya koma daidai da mai zarton sarƙa. Wannan shi ne kan maganarmu ta wannan wata: a ƙasa irin tamu katako ne mai tsada, zarto mai araha ne a kansa, don haka tattalin zarto da zai jawo asarar katako ba tattali ba ne.

YADDA AKE ZAƁE

Kafin a sayi zarto akwai tambayoyi uku da mai inji zai yi wa kansa. Wane irin inji gare ni? Wane irin ice nake tsagawa? Wa zai wasa mini in ya dakushe?

Ta wajen inji, abin dubawa na farko shi ne girman wili. Zarto duk zagaye ɗaya sau biyu yake tanƙwaruwa ya miƙe. Ƙaramin inji mai zarto na tsawon mita 4, wanda yake gudun mita 20 zuwa 30 a sakan ɗaya, yakan tanƙwara zartonsa fiye da sau 30,000 a awa guda. Kowa ya san abin da yake faruwa da waya in an yi ta lanƙwasa ta. Tsohuwar ƙa'ida a manyan injuna ita ce kaurin zarto kada ya wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na faɗin wili, wato wili mai milimita 1,200 zartonsa ya tsaya wajen milimita 1.2. Ƙananan injuna sukan zarce wannan ƙa'ida, shi ya sa zartonsu yake saurin gajiya. Wanda aka fi sa musu shi ne mai faɗin milimita 32 ko 38, kauri kuwa wajen milimita 1 zuwa 1.1. Akwai mai kaurin milimita 1.4, yana tafiya sak a cikin ice mai tauri, amma yana son inji mai ƙarfi da babban wili. In an ɗora shi a ƙaramin wili, zai tsage tun haƙoransa ba su cinye ba. Tsawo kuma a auna tsohon zarto da igiyar awo kafin a aika saye, kada a ce wa direba "ka sayo mini irin na wane", domin injuna suna kama da juna amma ba su zama ɗaya ba.

Ta wajen ice, abu uku ake dubawa a jikin haƙori. Na farko tazara, wato nisan haƙori da haƙori. A ƙananan injuna wadda aka fi sani ita ce milimita 22, zarto mai mita 4 yakan ɗauki haƙora wajen 180 ke nan. Tsakanin kowane haƙora biyu akwai ɗan aljihu, shi ne yake kwaso dusa ya fitar da ita. In gungume yana da faɗi ƙwarai, aljihu yakan cika kafin ya fito, dusa ta tsiyaye ta gefe, zarto ya yi zafi. Maganinsa a rage turawa ko a nemi mai babban aljihu.

Na biyu sunkuyon haƙori, wato yadda ya karkato gaba, da digiri ake auna shi. Mai digiri 10 shi ne na gama-gari, yana yin yawancin aiki. Ice mai taushi irin wawa da rimi yana karɓar mai digiri 10 har 13. Ice mai tauri kuwa, irin su kirya da kawo da marke, ko katakon da ya sha hunturu ya bushe ƙayau, mai digiri 7 ko ma 4 ya fi dacewa da shi, domin haƙorin da ya sunkuya da yawa yakan cafki abin da ya fi ƙarfinsa, sai inji ya riƙa karkarwa.

Na uku buɗi. Haƙoran siririn zarto ba a jere sak suke ba, ɗaya an karkata shi dama, ɗaya hagu, na uku an bar shi tsaye yana share hanya. Wannan buɗi shi yake sa hanyar da aka yanka ta fi jikin zarto faɗi, don kada ice ya matse shi. Wajen rabin milimita ne kowane gefe. Ice mai taushi da ɗanye mai zare-zare a ƙara masa kaɗan, busasshe mai tauri a rage masa kaɗan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dama da hagu su zo daidai, in ba haka ba zarto zai riƙa janyewa gefe ɗaya kamar keken da aka karkace wa kai.

Sai irin ƙarfen. Akwai na baƙin ƙarfe zalla, shi ne mai araha, kuma kowane mai wasa zai iya da shi. Akwai wanda aka ƙona bakin haƙoransa suka yi tauri, akwai mai ƙarfe biyu, akwai kuma wanda aka ɗiga wa kowane haƙori wani ƙarfe mai tauri da ake kira sitelait, ko kuma kabaid. Icen tik yana da sinadarin yashi a jikinsa mai cin kaifi, odum kuma wani lokaci akan tarar da wani abu kamar dutsen farar ƙasa a cikinsa. Mai yawan tsaga irin waɗannan, sitelait zai fi yi masa riba ko da ya fi tsada. Amma a nan ne tambaya ta uku take shigowa. Kabaid ba ya wasuwa da dutsen wasa na yau da kullum, sai da na musamman. In babu mai irin wannan dutse tsakanin Pusiga da Bolga, ka sayi zarto mai tsada ne don ka rataye shi a bango. Gara ka sayi masu sauƙin kuɗi guda 10 da za a iya wasa maka su a kusa. Haka nan kuma a yi hattara da na bulus ɗin da ba a san asalinsa ba, ko a kasuwar Sinkase aka gan shi ko a Kumasi, domin araha ba ta ado. A duba waldar: ta zama sumul, kaurinta daidai da sauran jiki, bayan zarto kuma ya miƙe sak a wurin, ba tudu ba kwari.

YADDA AKE KULA

Babban abin da yake kashe zarto a rumfunanmu shi ne barinsa a kan inji har sai ya kasa. Sau da yawa akan ji yaro ya ce, "Masta, zarton nan fa ya gaji," sai Masta ya ce, "Kai dai tura, yaro, mu gama wannan lodi tukuna." To, daga wannan lokaci duk falankin da ya fito asara ce, zarton kuma tsagewa yake farawa a ɓoye. Masu ƙera siraran zarto sun ba da shawarar a sauke shi bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa awa 2 na yanka, ko da ana ganin da sauran kaifinsa. A goge shi, a rataye shi ya kwana, sannan a wasa. Wanda aka sauke da wuri ɗan shafawa kaɗan yake bukata, yakan kuma wasu kamar sau 5 zuwa 10. Wanda aka bari ya mutu murus, sai an ci ƙarfe da yawa kafin a sami kaifi, in ma bai tsinke ba. Saboda haka mai inji ɗaya ya kamata ya mallaki zarto da dama suna karɓa-karɓa, ya sa wa kowanne lamba da fenti, ya sami ɗan littafi yana rubuta ranar da aka ɗora da ranar da aka wasa.

Na biyu, datti. Haƙorin da zai yi awa 2 a cikin ice mai tsabta, tsakuwa ɗaya za ta gama da shi nan take. Gumagumanmu a ƙasa ake jan su, ɓawonsu cike da yashi da marmara, ga ƙurar hunturu a kai. A kankare ɓawo da gatari ko a goge da buroshin waya, musamman ta gefen da haƙori yake shiga. Dalbejiya da mangwaron da aka saro daga cikin gari kuwa a bincike su sosai, domin shekara da shekaru ana kafa musu ƙusa ana ɗaura musu waya, ice ya girma ya haɗiye.

Na uku, ɗauri. Zarto yana son a ɗame shi daidai yadda masu inji suka rubuta. In ya yi sako-sako zai yi tafiyar maciji, in an ɗame fiye da kima zai tsage kuma ya ci boris ɗin wili. Da ya fara aiki yakan yi zafi ya ƙara tsawo, sai a sake duba ɗaurin bayan 'yan yanka kaɗan. Da an tashi aiki kuwa, ko za a tafi sallar Juma'a, a sassauta shi, domin in ya huce zai tsuke, ya ja kansa da kansa. Sabon zarto a fara da shi a hankali. Haka nan in wutar lantarki ta yi ƙasa, inji ya rage gudu, a rage turawa ko a dakata, domin a lokacin kowane haƙori loma yake yi wadda ta fi bakinsa.

Na huɗu, ruwa. A riƙa ɗiga wa zarto ruwa da ɗan sabulu a ciki, yana wanke danƙo yana kuma sanyaya shi. Icen maje da sauran masu ƙaro suna bukatar wannan ƙwarai. Wasu suna sa man dizal, yana wanke danƙo kam, amma yana cin robar da ke jikin wilin ƙananan injuna, ga haɗarin gobara a wurin da dusa ta taru da rani. A kuma riƙa kankare dusar da ta manne a wili, a duba 'yan tayoyin da suke riƙe zarto kusa da ice, in sun cinye ko sun cije a canza su.

Sai wasa. Wasa zarto ba goga bakin haƙori kawai ba ne. Dutse ya bi fuskar haƙori, ya gangara cikin aljihu, ya hau bayan na gaba. A cikin aljihun nan ne 'yan ƙananan tsagogi suke farawa waɗanda ido ba ya gani, in dutse ya share su tun suna ƙanana an huta, in an tsallake su za su girma. A riƙa ci kaɗan-kaɗan, gara a zagaya sau biyu a hankali da a danna sau ɗaya. In ka ga bakin haƙori ya yi shuɗi bayan wasa, an ƙona shi, kuma ba zai daɗe ba. Buɗi kuma da ma'auni mai agogo ake yinsa. Yin sa da filaya da ƙiyasin ido shi ne yake sa haƙori ɗaya ya fi 'yan'uwansa fitowa ya riƙa zana layi a jikin kowane falanki. Manyan zarto masu faɗin milimita 100 zuwa sama kuwa aikinsu ya wuce nan, domin sai an bi jikinsu da guduma da injin murzawa an daidaita su. Wannan aikin gwani ne, wanda ake kira likitan zarto.

ZARTO YANA MAGANA

Mai lura ba ya bukatar a gaya masa. In dusar da ta rage a kan falanki tana da zafi kuma ta danƙare, buɗi ya yi kaɗan. In ta yi yawa tana warwatse, fuskar falanki kuma ta yi kaushi, buɗi ya yi yawa. In yanka ya fara hawa da sauka, ko kaifi ya tafi, ko ɗauri ya saki, ko turawa ta yi yawa. In tsaga ta fito ta bayan zarto, 'yan tayoyin riƙo ne suke dannarsa. In ta fito ta aljihu, a tuhumi wasa ko ɗauri ko daɗewa a kan inji. In kuwa aka ji inji yana wani ƙas-ƙas a kowane zagaye, a kashe shi nan da nan, tsaga ce ta girma, saura tsinkewa. Siririn zarton da ya tsage wuri biyu ko uku ya gama aikinsa, a kai wa maƙera su yi wuƙaƙe da shi.

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi ta zama ta rai. Zarton da ya tsinke yana gudu bulala ce ta ƙarfe mai haƙora. Yaran da suke tsaye a bakin injunan nan amana ce iyayensu suka kawo su koyon sana'a. Kada a cire murfin wili don wai yana ɓata lokaci. Kada a tsaya a saitin zarto. Kada a yi aiki da riga mai faɗin hannu ko rawani mai jela. Naɗe zarto da warware shi sai da safar hannu ta fata, a kuma nesa da fuska. Ƙurar odum tana sa tari da sarƙewar numfashi da ƙaiƙayin jiki, a rufe hanci. Falanki in ya lalace ana sake wani, yatsa kuwa ba ya tsirowa.

SHAWARARMU

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Injin wasa da ma'aunin buɗi sun fi ƙarfin aljihun mai ƙaramar rumfa shi kaɗai, amma ba su fi ƙarfin mutum biyar ko shida ba. Mun san adashi, matanmu da shi suke aurar da 'ya'ya. Me zai hana masu injuna na Pusiga da Bawku su yi nasu, su sayi kayan wasa su ajiye wuri ɗaya, su zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa su tura shi Kumasi ya zauna hannun gwanaye ya koyo aikin likitan zarto? A Akyawkrom kusa da Ejisu ma akwai cibiyar horaswa ta Hukumar Gandun Daji, ana iya tambaya a can. Haka 'yan'uwa na Yendi da Salaga za su iya yi tare da na Tamale. In an yi haka an huta da aika zarto a mota a zauna jiran mako guda, an kuma sama wa wani matashi na zango sana'ar da ba kowa ya iya ta ba. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su sa baki a irin wannan, kamar yadda suke sa baki a gyaran masallaci da maƙabarta.

Ku kuma masu saye, ku riƙa zuwa da igiyar awo. Ku auna kaurin falanki a kai da tsakiya da gindi. Ku ɗaga shi ku hango tsawonsa da ido ɗaya. In kun ga tudu da kwari, ko baƙin tabon ƙuna, dakusasshen zarto ne ya yanka shi, kafinta kuma sai ya goge da yawa kafin ya sami abin aiki, ku ne za ku biya. Ku faɗa wa mai rumfa cikin mutunci, "Alhaji, wannan bai cika ba." Shi ma mai rumfa ya tuna cewa wanda ya karɓi kuɗin inci ɗaya ya ba da abin da bai kai ba, shi da mai tauye mudu a kasuwar hatsi hukuncinsu ɗaya ne, ko da zartonsa ne ya yi tauyewar ba hannunsa ba. Kada kuma a karɓi gungumen da ba shi da takardar izini daga ofishin gandun daji, kaɗanya da ɗorawa kuwa a bar wa mata abinsu, daga nan miyar gida da kuɗin makarantar yara suke fitowa.

Madaci ɗaya kafin ya isa tsagawa ya ga haihuwar mutum ya ga aurensa. In Allah ya sa ya faɗo hannunmu ta halal, haƙƙinsa a kanmu shi ne mu fitar da duk falankin da ke cikinsa, kada mu mai da shi shimfiɗar kaji saboda ƙyashin kuɗin wasa.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman tsofaffin hannu a wannan sana'a, ya rubuto ta hannun edita, za mu buga don kowa ya amfana. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake jera katako ya bushe ba tare da ya karkace ko gara ta shige shi ba. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare hannuwan yaranmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.